Wasiƙa daga Manila: ranar da aka kai ni gidan taliyar Ma Mon Luk

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata yajin da ta ƙullo mini har yanzu da saura. Ni ma nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da karatu da ya sha mana kai.

A wasiƙarka ka tambaye ni abin da nake ci a ƙasar nan. Amsar tana da tsawo, amma bari in ba ka labarin ranar Asabar da ta wuce, don har yanzu abin bai bar zuciyata ba.

Abokin karatuna ɗan Filifin, wanda na taɓa ba ka labarinsa, ya ce kakansa yana son ganina. Tsoho ne mai shekara tamanin da wani abu, suna kiransa Lolo, wato Kaka. Ya ce ba a gida za mu haɗu ba, sai a gidan abincin da mahaifinsa yake kai shi tun yana yaro. Muka hau jifni, motar hayarsu mai dogayen benci biyu suna fuskantar juna, muka sauka a titin Quezon Avenue kusa da Banawe, unguwar masu sayar da kayan gyaran mota, kai ka ce Ƙofar Ruwa. Sunan gidan Ma Mon Luk.

Da ka shiga ka san wurin ya ga shekaru. Tebura masu saman marmara, kujerun katako da zama ya sa suka yi sulɓi, fankoki suna juyawa a sama. Ƙamshin romo ya cika ko'ina. Masu kawo abincin yawancinsu dattawa ne, kuma kowa Kuya yake ce musu, ma'ana Yaya.

Abu biyu ake zuwa ci. Na farko mami, taliya ce a cikin romo mai zafi da yankan nama da ganyen albasa a kai. Na biyu siopao, wanda da na gan shi sai da na ce a raina, wannan ai alkubus ne. Fari tas, turara shi ake yi, ya cika tafin hannu, sai dai shi da nama a cikinsa. Na zuba wa Lolo ido yana ɓare takardar da ke manne a ƙasansa, ya raba shi biyu tururi ya tashi, ya ɗiga wata miya mai kauri ruwan ƙasa a tsakiya.

A nan gizo yake saƙar. Naman da ke cikin siopao na alade ne, baboy a harshensu, kalmar da na fara koya a ƙasar nan kafin ma gaisuwa. Na tambayi Kuya batun romon, ko in an sa naman kaza zan iya sha. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ba zai iya rantse mini cewa tukunyar ba ta haɗu da alade ba. Wallahi na ji daɗin gaskiyarsa, don da ya so ciniki kawai, ai da ya ce mini ba komai. Sai na karɓi lemon kwalba.

Fuskar Lolo ta canja. Ya ture kwanonsa gefe, ya ce shi ma ya fasa ci, ba a cin abinci baƙo yana kallo. Sai da na roƙe shi, na ce masa a wajenmu in babba ya bar abincinsa saboda yaro, yaron ne ya ji kunya. Da ƙyar ya jawo kwanon. Ya ce to tunda ba zai iya ciyar da ni ba, zai ba ni labarin mai gidan.

Ma Mon Luk mutumin Guangdong ne ta kudancin Sin, an haife shi a 1896. Malamin makaranta ne, ya nemi auren wata yarinya iyayenta suka hana shi saboda ba shi da abin hannu. A 1918 ya hau jirgin ruwa ya taho Manila neman arziki. Ya sauka a Binondo, unguwar Sinawa da aka kafa tun 1594, ya fara tallar taliya. Ka san yadda yake yi? Sanda a kafaɗa, garwa biyu suna reto, ɗaya da taliya da naman kaza, ɗaya da romo bisa garwashi don kada ya huce. Ɗan ga-ruwa sak. Da almakashi yake yanka wa mai saye taliyar, shi ya sa da farko ake kiran abincin gupit, wato yankawa. Lolo ya ɗaga yatsu biyu yana kwatanta mini almakashin. Ya ce mutumin yakan bi gida-gida yana raba siopao kyauta don a ɗanɗana. A hankali ya samu rumfa, rumfa ta zama gidan abinci, kuma yarinyar da aka hana shi ita ya aura. Ya rasu a 1961, zuriyarsa ce ke riƙe da wurin. Mutane da yawa suna cewa sunan mami ma daga sunansa ya fito, Ma da kuma mi, taliya, ko da yake wasu sun ce kalmar dama tana cikin Hokkien, ɗaya daga harsunan Sinawa.

Yana magana, ni kuwa hankalina ya tafi wajen marigayi kawunka, da labarin da yake ba mu na saukarsa a zangon Kumasi da tabarma ɗaya, yana yawo da butar shayi kafin ya kafa tebur. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Na faɗa wa Lolo, ya daɗe yana gyaɗa kai.

Da muka fito ya ƙi yarda mu rabu. Ya tare tasi ya ce a kai mu Quiapo, wajen masallacin nan mai ƙubba ruwan zinare da aka gina a 1976, inda Musulmin Mindanao, wato kudancin ƙasar, suke da shagunan abinci. Ya jira ni a waje har na yi La'asar, sannan ya saya mini shinkafa da kaza mai kwakwa da kurkum, ya zauna yana kallona sai da na cinye tas.

Ina da roƙo ɗaya. Ka tambayar mini Hajiya yadda take kwaɓa alkubus, yawan yis da tsawon lokacin da take barinsa ya tashi. Na samu mahauci Musulmi a Quiapo, ina so in cusa naman sa da albasa a ciki in kai wa Lolo kafin azumi.

Ka gaida kowa da kowa. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Amininka na Manila