A Riƙa Gwada Amsa a Kowane Ikweshan

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin ɗalibai kan wani kuskure da ke cinye musu maki a lissafin aljebra.

Idan aka ba ka ikweshan biyu, misali 2x + y = 7 da x − y = 2, aka ce ka duba ko ɗigon (3, 1) amsa ne, lambar farko ita ce x, ta biyu y. Sa su a ikweshan na farko: 2 sau 3 shida ne, a ƙara 1, ya zama 7. Ya yi daidai. A na biyu, 3 − 1 = 2. Shi ma ya yi. To amsa ne.

Yanzu ɗauki (2, 3). A na farko, 4 + 3 = 7, sai ɗalibi ya ajiye biro yana murna. Amma a na biyu, 2 − 3 = −1, ba 2 ba. Kowanne daga cikin ikweshan biyun nan miƙaƙƙen layi ne a kan giraf, kuma amsa tana mahaɗar layukan biyu. Wannan ɗigon yana kan layi ɗaya ne kawai.

Inda aka fi zamewa shi ne lambar da ke ƙasa da sifili. A saka ta cikin baka: da (1, −1), ikweshan na biyu zai zama 1 − (−1) = 2. Wanda ya manta bakan zai samu 0.

Malamai, don Allah a ware wa gwajin nan makinsa a jarrabawa.

Naku,
Wani malamin lissafi