Jirgin ƙasan fim da wanda na yi wa aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan rubutun da ya fito a shafinku na nishaɗi game da jirgin ƙasa a finafinai. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira, amma da ji ka san daga kujerar kallo ya san jirgi. Ni kuwa tsohon gadin jirgi ne, wato mai kula da taragu da ba direba alamar tashi. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina bin taragu tsakanin Zariya, Funtuwa, Gusau da Ƙaura Namoda, wani lokaci Kano zuwa Nguru, kafin in yi ritaya. Kuma tun ina saurayi ba a sa fim ɗin Indiya a silima ya wuce ni.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka ga jarumi ya tsuguna tsakanin tarago biyu, jirgi na sheƙa gudu, ya sa hannu ɗaya ya zare ƙarfen da ya haɗa su kamar mai zare tsinke daga tsire. Kan jirgi ya yi gaba abinsa, taragun baya su yi ta gangarawa da mugaye a ciki. Malam Edita, hakan ba ya faruwa. Jirgin da ke ja, nauyin duk taragun baya yana rataye a kan ƙarfen nan. Ƙarti goma ba za su motsa shi ba sai direba ya sassauta. Ko an dace an raba, akwai tiyon birki da ya bi jirgi tun daga kai har wutsiya. Ko irin wanda ake matsa wa iska ne, ko irin namu na tsohon layi da ake zuƙe masa iska, dabarar ɗaya ce: muddin tiyon na nan lafiya birki a sake yake, yana tsinkewa birki ya kama da kansa, a gaba da baya duka. Da gangan aka yi shi haka tun ƙarni na 19, don kada taragon da ya ɓalle ya zama ajalin mutane. Jarumin da ya yi wannan bajinta, shi da mugayen wuri ɗaya za su tsaya cirko-cirko.

Shi ya sa na ji daɗin wani fim na Amurka mai suna Unstoppable, na 2010. An gina shi a kan abin da ya auku a jihar Ohio a 2001, inda jirgin kaya mai tarago 47 ya fice daga tasha babu direba, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin a shawo kansa. Dalilin da ya sa birki bai kama ba shi ne a cikin yadi, wato filin ajiye taragu, ake jujjuya taragun, ba a haɗa tiyon iskar ba. Masu fim ɗin sun ƙara gishiri, amma wannan ba su ɓoye shi ba. Ka ga alamar sun zauna da ma'aikata.

Sai tsayawa. A fim yaro zai faɗa kan dogo, direba ya ja birki, tartsatsi ya tashi, jirgi ya tsaya cak saura taku ɗaya. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, ba taya a kan kwalta ba. Jirgin kaya mai nauyi da ke cikin gudu yakan ci fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, kuma da damina har yashi ake zuba wa dogo don ƙafafun su samu abin kamawa. Wannan ƙaryar ce ke tsorata ni, don na sha ganin mai babur ya kutsa mahaɗar titi da dogo yana ɗaga wa direba hannu, wai ya ɗan dakata masa. Na kuma ga abin da ya biyo baya, ba sau ɗaya ba, kuma ba zan bayyana shi a jarida ba.

Dambe a kan rufin jirgi ba sai na daɗe a kansa ba. A layukan da lantarki ke ja, kamar yawancin na Indiya a yau, wayar da ke sama tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 25,000. Ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa. Rawar nan ta kan jirgi a Dil Se ta 1998, a layin tsaunukan Ooty aka ɗauke ta, inda jirgi ke tafiyar hawainiya kuma babu waya a sama. Yaranmu da ke ɗarewa rufin tarago ranar sallah ba su san wannan ba.

Kada a ce tsoho ya zo ɓata wa mutane nishaɗi. Ni ma na yi ƙwalla a ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda Kajol ke bin jirgi da gudu, Shah Rukh Khan ya miƙo mata hannu daga ƙofa. Gadin da ke cikina yana cewa, yarinya, ga ƙofa nan kusa da ke, shiga mana, ai taragon a haɗe yake! Amma zuciya ba ta saurare shi ba. Indiyawa sun gane abin da mu ma'aikata muka sani: jirgi ba ya jiran kowa, kuma tasha wurin rabuwa ce. Mota za ka ce wa direba ya tsaya an manta ƙunshin kaya. Jirgi in na busa usur na ɗaga koren ƙyalle, magana ta ƙare. Wadda ba a faɗa ba sai a wasiƙa.

Wanda ya fi kama ni duka shi ne Pather Panchali na Satyajit Ray, 1955. Babu bos, babu faɗa. Yara biyu ƴan ƙauye, ya da ƙaninta, suka ratsa dogayen ciyayi har suka ga jirgi ya keto yana tuƙa baƙin hayaƙi, ya wuce ya bar su tsaye. Waɗannan yaran na san su. Kullum ina ganinsu tsakanin Funtuwa da Tsafe, sun bar awaki sun rugo bakin dogo suna ɗaga hannu.

Wani jikana ne ya nuna mini a waya cewa tun ran gini tun ran zane: cikin finafinan farko da ƴan'uwan nan Lumière suka nuna a Faransa akwai na 1896, bai kai minti ɗaya ba, kuma ba komai a ciki sai jirgi yana shigowa tashar La Ciotat. Ya kuma nuna mini The General na Buster Keaton, 1926, inda aka sako kan jirgi na gaske daga gada mai cin wuta ya faɗa kogi a jihar Oregon, ya kwana a nan shekara da shekaru. Mutanen da ba su da kwamfuta sun fi na yanzu girmama nauyin ƙarfe.

To, ina namu masu fim? Wannan ce ainihin tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Sun ɗauko rawa da waƙa daga Indiya, sun ɗauko soyayyar ɗan talaka da ƴar mai kuɗi, amma suka baro jirgin a can. Da wuya ka ga tasha a fim ɗin Hausa. Daga falo sai lambu sai cikin mota. Alhali dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shi ya haifi cinikin gyaɗar da har aka yi dala da buhunanta. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Shanu sun bi shi zuwa Ikko, goro ya biyo shi zuwa Arewa. Kakanninmu da aka kwasa aikin diga, da kwando a ka, wa ya taɓa ba da labarinsu? Turawa sun yi The Bridge on the River Kwai a 1957 kan fursunoninsu da Japanawa suka tilasta wa gina layin dogo na ƙasar Bama (Burma), kuma ko a nan leburorin Asiya, waɗanda suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, ba su samu fili ba. In ba mu yi namu ba, haka za a tsallake mu.

Labari kuwa ba ya ƙarewa a da. Ga yajin aikin 1945 da Michael Imoudu, ma'aikacin reluwe, ya ja gaba. Ga jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda ya tara minista da ɗan kasuwa da ɗalibi a tarago ɗaya saboda tsoron hanya. Ga daren 28 ga Maris 2022 da aka kai wa wannan jirgin hari aka sace fasinjoji, da iyalan da suka yi wata shida da ɗoriya suna jiran nasu. Ga dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Ko tafiyar kwana biyu daga Kano zuwa Ikko a tsohon layi, da mai jego da ɗan kamasho da almajiri da mai tallar rake ta taga a Minna, ta ishi marubuci mai ido.

Na san ɗaukar fim a tasha sai da izini da kuɗi. Amma shawara kyauta ce. Mu tsofaffin ma'aikata muna nan a Zariya da Kafanchan da Kaduna, kullum da la'asar muna zaune a kan benci muna maimaita wa juna labaran da kowa ya haddace. Duk daraktan da ya shirya, ya zo da littafinsa da goro; za mu nuna masa yadda ake haɗa tarago, da hannun da gadi ke riƙe fitila.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Tsohon gadin jirgi,
Tudun Wada, Zariya.