Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Sakkwato: A Auna Yuraniyom a Ruwan Burtsatse

Mai Girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah Ya taya riƙo.

Ruwan sha yana cikin manufofi tara da ka yi wa Sakkwatawa alkawari a 2023, kuma muna ganin ana tona burtsatse. Damuwata tana kan abin da ke iya narkewa cikin ruwan, wanda ido ba ya gani, tafasawa kuma ba ta fitar da shi.

Ƙasar Dange da Shuni tana da duwatsun fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, kuma irinsu a ko'ina a duniya sukan zo da yuraniyom, wani ƙarfe mai guba, a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 30 (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha, domin ƙoda yake fara taɓawa.

Ranka ya daɗe, Allah Ya ajiye mana masu gadi a ƙarƙashin ƙasa. A 1991 wani masani ɗan Amurka, Derek Lovley, da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su Geobacter, da ke rayuwa inda babu iska, suna numfashi ne da tsatsar ƙarfe a maimakon iska, idan suka samu yuraniyom ma da shi suke yi. Suna miƙa masa ilektoron biyu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, sai ya daina narkewa, ya daskare ya zama baƙin ma'adini, ya maƙale a yashi. A garin Rifle na jihar Colorado a Amurka, a 2002, an zuba wa waɗannan ƙwayoyi wani sinadari mai suna asitet cikin ruwan ƙasa domin ya zama abincinsu, yuraniyom ɗin da ke ruwan ya ragu ƙwarai cikin 'yan makonni.

Sai dai aikin nasu yana warwarewa. Da zarar iskar oksijin ko sinadarin naitret da ke cikin takin zamani ya kai wurin, ma'adinin sai ya sake narkewa ya bi ruwa. A 2015 masana a Jami'ar Nebraska sun gano cewa inda naitret ya yi yawa a ruwan ƙasa, galibi nan yuraniyom ke hauhawa. To, dubi fadamar Rima, daga Goronyo zuwa Wurno har Kwalkwalawa. Buhu nawa na taki ake zubawa albasa da shinkafa duk rani? Injuna nawa ke zuƙe ruwa dare da rana, iska tana bin gurbinsa?

Ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ba a farga da ita ba sai da aka binne ɗaruruwan yara.

Don Allah, Mai Girma, ka ba da umarni a auna yuraniyom da naitret a kowace burtsatse kafin a buɗe wa jama'a famfo, a fara daga Dange-Shuni. A karanta sakamakon da Hausa a Rima Radiyo. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masana ƙwayoyin bakteriya da ɗalibai masu neman abin bincike. A ba su kuɗi da kayan awo su shiga ƙauyukan nan tun kafin damina.

Wassalam.
Ɗan Sakkwato mai kishin jiharsa