Kuɗin Caji: Kashi Ɗaya Cikin Ɗari Ba Ƙaramin Abu Ba Ne

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan kuɗaɗen da bankuna da kamfanonin zuba jari suke cira daga ajiyar jama'a, waɗanda yawancinmu ba ma tsayawa mu lissafa su saboda muna ganin ba su taka kara sun karya ba.

A ƙarshen shekarar da ta wuce na nemi bankina ya ba ni takardar bayanin asusuna ta wata goma sha biyu, na zauna da biro ina ja wa kowane caji layi: kuɗin saƙon tes, kuɗin kula da asusu, kuɗin kati, kuɗin tura kuɗi, sannan harajin da aka ɗora a kan wasu daga cikin cajin. Babu ɗaya da ya kai ya tayar mini da hankali shi kaɗai, amma da na haɗa su sai na tarar sun cinye fiye da rabin ɗan abin da ajiyar ta samar mini a shekarar. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin nan na tara su ne da guminna saboda karatun 'ya'yana.

Abin ya fi muni a wajen zuba jari na dogon lokaci, irin su asusun fansho. Mu ƙaddara mutum ya zuba 100,000, jarin yana kawo ribar kashi 7 cikin ɗari kowace shekara, ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi. Bayan shekara 30 zai tarar da kimanin 761,000. Idan kuwa masu juya masa kuɗin suna cire kashi 1 cikin ɗari a shekara, abin da zai samu bai wuce kimanin 574,000 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Idan cajin ya kai kashi 2, zai tashi da kimanin 432,000 kacal. Dalili kuwa shi ne duk abin da aka cire bana, an cire shi ne tare da ribar da zai haifa baɗi da shekarun da ke biye. Kuma a lura, a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake yanke wannan kaso, ko an ci riba ko an faɗi, don haka mai kuɗi ne kaɗai yake ɗaukar asara, mai juyawa kuwa rabonsa ba ya ciwon kai.

Masu kare tsadar caji sukan ce ƙwarewa ake saya. A ƙarshen shekarar 2007 attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, ya yi fare na dala miliyan ɗaya cewa a cikin shekara goma asusu mai arhar caji da ke zuba jari a hannayen jarin manyan kamfanoni 500 na Amurka kawai zai fi zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsadar caji kawo riba, kuma da wa'adin ya cika a ƙarshen 2017 shi ne ya yi nasara da rata mai yawa. Ban ce aikin ƙwararru ba shi da lada ba, duk wanda ya yi aiki ya cancanci a biya shi, amma ya kamata mai biya ya san nawa yake biya da abin da yake samu a madadinsa.

Haka lamarin yake ga masu aika wa iyalansu kuɗi daga wata ƙasa. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa tura dala 200 yakan ci kusan kashi 6 cikin ɗari, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya rage shi zuwa ƙasa da kashi 3 nan da 2030 cikin muradunta na ci gaba mai ɗorewa. Wani kamfanin ma yakan yi shelar cewa ba ya cajin komai, alhali ya ɓoye rabonsa a cikin farashin canji. Katunan banki da ke alkawarin tukuici da maki su ma sau da yawa kuɗin shekara da ake biya musu yakan zarce tukuicin.

Roƙona gare ku, ya Edita, shi ne shafinku na kasuwanci ya riƙa buga jadawalin cajin bankuna da na masu kula da fansho gefe da gefe, a fassara kowane kaso zuwa ainihin kuɗin da mutum zai rasa a shekara ɗaya da kuma a shekara ashirin. Ina kuma kira ga hukumomin da ke sa ido a kansu da su tilasta a riƙa aika wa kowane mai asusu jimillar abin da aka cire masa a shekara, a layi ɗaya, cikin harshen da yake fahimta.

Naku,
Wani mai karatu na kullum