A Ba Matasa Masu Zane Bangayen Unguwanninmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan bangayen unguwannin Kano. Duk wanda ya bi ta Fagge, Gwammaja ko Kurna zai ga ba abin da ya rufe su sai fastocin 'yan siyasa da rana ta ƙoɗar, da tallar maganin basir, da gargaɗin kada a yi fitsari a nan.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙawata bango ba baƙon abu ba ne a garin nan. Maginan gargajiya sun daɗe suna fitar da dagi da sauran zane a fuskar zaure, su ɗora zanko a saman soro, kuma wanda ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa zai ga gwanintarsu da idonsa. Hannun bai mutu ba, wurin aiki kawai ya sauya, domin yau yana bayan manyan motoci, da allunan shaguna, da allon zayyana da ake yi wa yaro idan ya sauke Alƙur'ani.

Shawarata ita ce, a kowace unguwa mai unguwa da dattawa su zaɓi bango ɗaya ko biyu, na makaranta ko na kasuwa, su miƙa wa matasan da suka iya zane, masu hali kuma su ɗauki nauyin fenti. Ba sai an zana mutum ko dabba ba, tunda malamai suna da magana a kan haka, kuma a launin shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata da aikin wuyan babbar riga akwai abin da zai ishi mai basira. Ayoyi dai kada a kai su bakin kwata.

Na nace a kan shawara da mazauna wuri ne saboda shataletalen gidan gwamnati, wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, aka kuma rushe shi a 2023, mutane suka yi ta muhawara bayan aikin gama ya gama. Da za a fara da bangon firamare guda a Gwammaja, ni mai sayen bokitin fenti na farko ne.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Gwammaja, Kano