Wasiƙa zuwa ga ƙanena a Tawa

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Baba da sauran mutanen gida. Inna ta ce tun da aka ɗora ka a kan duba nama a mayanka ba ka barci, wai mahauta sun sa ka gaba. Shi ya sa na zauna na rubuto maka daga nan Faransa.

Ka fara gane abin da ke tunzura su. Mahauci yakan ɗauko saniya bashi daga hannun dillali, sai ya sayar ya biya. In ka kama naman duka, jarinsa ka binne. Wannan ba ya halatta masa ya zagaye ka da wuƙa a hannu, amma zai nuna maka inda za ka sassauta. Tsutsar hanta, hantar kaɗai ake kamawa, sauran naman ya wuce. Masu sabon hannu sukan kama fiye da ƙima don tsoro, daga nan rigima ke tashi.

Barazanar ba kullum take zuwa da ihu ba. Wani zai yanka da asuba kafin ka iso, ya ɗauke huhu. Wani zai cakuɗa kawuna don kada ka san na wace saniya ne. Wani kuwa tsoka zai aika gida wurin Inna, kuma wannan ta fi wuƙar haɗari. Ka roƙe ta ta mayar. Maganin sauran shi ne lamba ɗaya a kai, da kayan ciki, da gangar jiki. Babu huhu, babu hatimi. Hatimin kuma a aljihunka yake kwana.

In za ka kama, kira Sarkin Fawa ya tsaya kusa da kai. Tsaga kaluluwar huhu a gabansa ya ga ƙullutun tarin fuka da idonsa. Tsaga naman kumatu da zuciya da harshe, ka nuna masa fararen ƙwayoyin tsutsa masu kamar shinkafa. In kaɗan ne, kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifiri yana kashe su. Gaya masa haka, ya san ba duka ya yi asara ba. Ɗauki hoto da wayarka, rubuta takardar kamawa kwafi biyu, ka zuba kananzir a kan abin da aka kama nan take, in ba haka ba da yamma za ka gan shi a tukuba.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ba ya daskarewa, kada ka bari a fede ta ko wane babban mutum ya bugo waya. Ciwon saifa ke nan, mai fiɗar ma yana iya kamuwa.

Wanda ya zage ka ko ya nuna ka da wuƙa, kada ka tanka. Aje aikin, rubuta ranar da lokacin da shaidu, ka kai wa shugabanka kafin la'asar. A nan ma nama ba ya fita sai da hatimi, shi ya sa janye hannu ya fi cacar baki ciwo.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Yayanka.