Zuwa ga Abba: maganar lemu da ciwon cikinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi. An ɗaure gero an kai rumbu, wake ne ya rage a gona, sanyi kuma ya fara sauka da asuba. Ummanku da ƙannenka suna gaishe ka.

Dalilin wannan takarda shi ne cikin nan naka. Ummanku ta faɗa mini ƙahon zuci na yi maka zafi, musamman in yunwa ta kama ka da kuma tsakar dare, ga yawan gyatsa, ga ƙwannafi, kuma mai kemis ya ce maka olsa ce. Ta ce an raba maka hankali biyu a kan lemu. Gwaggonka ta ce kai da lemu har abada, ko ƙamshinsa kada ka shaƙa. Abokan sana'arka masu adaidaita sahu kuma sun ce ka riƙa matse lemun tsami a ruwan zafi kana sha da sassafe kafin ka ci komai, wai yana wanke ciki ya kashe cutar. Na ga gara in rubuta maka, don magana a waya wucewa take yi, takarda kuwa ka sake dubawa, ka nuna wa maiɗakinka tunda ita ce a kan tukunya.

Dukansu ƙaunarka suke yi, amma dukansu sun ɗora wa lemu kayan da ba nasa ba. Lemu bai sa maka wannan ciwo ba, kuma ba zai cire maka shi ba. Abin da nake tsoro shi ne ka shagala da gardamar lemu, ainihin abin da ke cin cikinka yana nan yana aikinsa.

Tumbin ɗan Adam yana tsatso da ruwan asid mai ƙarfi don narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Allah cikin ikonsa ya shafe bangon tumbin da wani yauƙi mai kauri, wanda ke hana asid ɗin ya ci naman wurin. In wani abu ya raunana yauƙin nan, sai bangon ya yi ja ya kumbura. In abin ya yi nisa sai wurin ya ƙwarzane ya zama gyambo. Lemu in ya sauka a lafiyayyen tumbi ba ya yin komai, don tumbin ya saba da abin da ya fi shi tsami. In ya tarar da wuri a saɓule, to zai yi raɗaɗi, kamar dai yadda ruwan lemun tsami ke yi maka in ya shiga inda lauje ya yanke ka a yatsa. Raɗaɗin gaskiya ne, amma lauje ne ya yi yankan.

To me ke raunana bangon? A shekarun da na yi a ɗakin shan magani, da abin da likitoci suka tabbatar, manyan dalilai biyu ne, kuma ina zargin dukansu a kanka.

Na farko ƙwayar cuta ce da ake kira Helicobacter pylori. Likitoci biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Lokacin duniya ba ta yarda da su ba, don kowa ya tafi a kan cewa yaji da yunwa da damuwa ne ke kawo olsa, kuma babu wata ƙwaya da za ta rayu a cikin asid. Sai Marshall ya ɗauki ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel a kan wannan aiki. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawanci tun suna yara suka same ta, ta ruwan sha da abinci da zaman cunkoso, kuma mafi yawansu ba ta taɓa damun su. Ku da kuka tashi da ruwan rijiya da kwano ɗaya, ba abin mamaki ba ne in an same ta a cikinka.

Ka kula da wannan wurin, don shi ne amsar abokanka. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda in lambarsa ta yi ƙasa tsamin ya fi ƙarfi, kuma kowane hawa ɗaya ninki goma ne. Ruwan tumbi yana tsakanin 1.5 da 3.5. Lemun tsami yana wajen 2 zuwa 2.5. Lemun zaƙi kuwa yana wajen 3.5 zuwa 4. Ita wannan ƙwaya a cikin yauƙin tumbi take kutsawa ta ɓuya, tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita. Wadda ta yi shekaru ashirin ko talatin tana zaune lafiya a wurin da tsaminsa kan kai na lemun tsami har ya wuce, rabin lemun tsami a kofin ruwan zafi me zai yi mata? Kai ne dai za ka sha raɗaɗi da sassafe a kan ciki wayam, ga haƙora da tsamin ke zaizayewa a hankali. Wannan kam ka bari daga yau, Abba. Har matsa shi da mai shayi ke yi maka a baƙin shayi, ka ce ya dakata.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali, don na san sana'arka. Mutum ya wuni a kan kujerar adaidaita daga asuba har isha, baya ya ƙage, kafaɗu su yi tsami, sai ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Abin da ake haɗawa yawanci ibuprofen ne, ko diclofenac, ko piroxicam, ko asfirin, wani lokaci biyu ko uku a ƙulli ɗaya. Waɗannan magunguna suna rage ciwo, amma ta hanyar da suke rage shi, ta nan suke hana tumbi yin yauƙin da ke kare shi. Mai shan su kullum, musamman ba abinci a ciki, shi ne ake kawowa asibiti yana aman jini. Na ga irin wannan da idona a kan majiya ƙarfi, manoma da 'yan dako, kuma babu ɗaya daga cikinsu da lemu ya kwantar. In jiki ya matsa maka, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, shi ma bisa ƙa'ida. Duk ƙullin da ba ka san sunan abin da ke ciki ba, kada ya shiga bakinka.

Yanzu lemun zaƙi. Ga shi lokacinsa ya kama, motoci na ta sauke na Binuwai a kasuwar 'Yan Lemo, kowace kwana a Kano ga mai baro yana ferewa. Ban ce ka haramta wa kanka ba. A kwanakin da ciki ke ci maka wuta, ka bar shi gaba ɗaya, da shi da tanjarin da abarba da zoɓo da kunun tsamiya, har sai wurin ya lafa. In ka samu sauƙi, sai ka gwada da kanka: rabin lemu, wanda ya nuna sosai ya yi zaƙi, bayan ka ci abinci, da rana. Ka ɓare shi ka ci har da naman, ya fi a matse guda uku ko huɗu a kofi a kwankwaɗe. In ka ji shiru, to cikinka ya karɓa, ka ci gaba a hankali. In zafin ya taso, ka bar shi zuwa wani lokaci. Ciki ya bambanta. Wani mai olsa yana shan lemu lafiya lau amma ƙosai ya hana shi barci, wani kuma akasin haka. Mai ƙwannafi dai ya fi jin jiki da shi, don maƙoshi ba shi da irin kariyar da tumbi ke da ita. Shi ya sa kada ka sha shi dab da kwanciya, kuma ko wane abinci ne ka ba shi awa biyu zuwa uku kafin ka miƙe.

Inda na saɓa da gwaggonka shi ne kalmar har abada. Na sha ganin waɗanda aka yi ta zana wa dokoki, ba lemu, ba tumatir, ba wake, ba mai, ba ganye, har suka koma farar shinkafa da koko, suka rame suka yi fari fat, ciwon kuma yana nan. Jiki na buƙatar bitamin C don warkar da rauni, kuma shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Babban namiji na buƙatar wajen miligiram 90 a rana, matsakaicin lemu ɗaya kuwa na ba da wajen 70. Amma ba a lemu kaɗai Allah ya ajiye shi ba. Goba nunanniya, in aka auna nauyi da nauyi, ta ninka lemu wajen sau huɗu. Gwanda ma ba ta gaza lemu ba, ga ta da laushi a ciki. Ga tattasai, ga ɗanyen kabeji, ga ganyen zogale in ba a dafe shi ya mutu ba. Ayaba da kankana ba su kai waɗannan ba, amma ba sa tsokanar ciki. Saboda haka ko da lemu ya ƙi ka, ba ka yi asarar komai ba.

Garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, shi kaɗai ne zan ware, ba don tumbi ba, don yana rikita aikin wasu magunguna a jiki, ciki har da nifedipine na hawan jini. Ka faɗa wa surukinka tunda na ji yana shan maganin hawan jini, ya tambayi likitansa.

Na san za a ce maka ka jiƙa kanwa, ko ka sha madara in zafin ya taso. Dukansu suna kwantar da shi na ɗan lokaci. Madara daga baya tana sa tumbi ya ƙara tsatso da asid, kanwa kuma in ta zama ta kullum tana ɗora wa jiki gishiri. Sigari na hana gyambo warkewa, ina fatan har yanzu ba ruwanka da ita. Goro da shayi mai kauri da lemun gwangwanin nan na hana barci da direbobi ke sha, ka rage su, kada su zama su ne karin kumallonka. Kuma don Allah ka daina cewa sai ka haɗa kuɗin balas kafin ka ci abinci. Yunwa ba ita ta kawo ciwon ba, amma tana tayar da shi. Ka karya kafin ka fita, ka tsaya ka ci na rana ko fasinja na ɗaga maka hannu.

Abin da nake so ka yi a satin nan shi ne ka je asibiti ka ga likita, ba kemis ba. Ka faɗa masa duk abin da kake sha, har ƙullin ciwon jikin, kada ka ɓoye. Ka roƙa a yi maka gwajin ƙwayar nan. Na bahaya ko na numfashi su ke nuna tana nan yanzu. Na jini yakan nuna ta ko da ta riga ta tafi. In kana shan omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, ka sanar da shi, don ana so a dakatar da shi sati biyu kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sati huɗu, in ba haka ba sai ƙwayar ta ɓuya a ce babu. In an same ta, za a haɗa maka maganin rage asid da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi iri biyu, na kwana 10 zuwa 14. Za su ɗaure maka baki da ɗaci, ƙila su ɓata maka ciki, kuma tun kafin sati ya cika za ka ji kamar ka warke. Nan ne mutane ke ajiye magani, ƙwayar ta farfaɗo ta ƙi jin magani a karo na biyu. Ka shanye shi tas, kuma bayan wata guda ko fiye ka koma a sake gwadawa. Wannan ƙwaya in ta daɗe tana cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi ga wasu mutane. Ban faɗa don in tsorata ka ba, na faɗa ne don ka san kuɗin gwajin ba asara ba ne. In kuɗin ne matsala, akwai buhun riɗi da na ajiye, ka yi magana a sayar.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. In bahaya ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi amai da jini ko da wani baƙi-baƙi, ko abinci ya riƙa tsaya maka a ƙirji, ko ka ga kana ramewa ba dalili, ko ciki ya murɗa farat ɗaya ya yi tauri, to ko ƙarfe nawa ne a kai ka asibiti. Kana Kano, ga asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano inda ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga cikin tumbi ƙuru-ƙuru. Ka karanta wa maiɗakinka wannan sakin layi musamman, don ita za ta fara gani.

Ina so a gama duk wannan kafin azumi ya zo. In Allah ya kai mu, ka buɗe baki da dabino da ruwa, ka bi da kunun gyaɗa ba mai yawan tsami ba, lemu ya jira sai ka ci tuwo. In kuma likita ya ce ciwon bai bar ka ka yi azumi ba, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kada ka ji kunyar kowa.

Ummanku ta shanya maka zogale a inuwa, da ɗan wake da gero na kunu, za mu ba direban da ke shiga Kano ranar kasuwar Ringim. Gwaggonka kuma kada ka yi mata musu, ka ce to, ni zan yi mata bayani. Da ka karɓi sakamakon gwajin ka kira ni ka karanta mini shi yadda aka rubuta.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka gaida surukanka. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka a kan titi, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.